Gudu da Sunan Aro

A Hindawiyya ba a gudu. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma duk wanda ya tashi a lungunan unguwar tun a nono ya sha ta. Ko tukunyarka ce take ƙonewa, ko an tada salla kana nesa da masallaci, iyakarka ka ɗaga ƙafa kaɗan kana waige. Dalili kuwa, a unguwar da mutane da yawa ba su da takardar zama, baƙin mutum ɗaya ya zabura da gudu, to an gama. Ba mai tsayawa tambaya. Masu tallan goro da yaji su naɗe shimfiɗa, mai wankin mota ya yar da bokiti, wata ta kwarma ihu, "Jawazat!", wato ga masu kame nan sun shigo, kafin ka ce me titi ya zama wayam.

To a wannan unguwa, don Allah Ya nuna ikonSa, aka haifi Mukhtaru, wanda a zamaninsa babu saurayin da ya kai shi gudu a duk faɗin Makka.

Mahaifinsa, Malam Rabe, mutumin Damagaram ne. Ya taso da ƙafa tun yana saurayi da niyyar aikin hajji, ya yi ƙodago a Cadi, ya tsinci auduga a Sudan, a can ya auri Shatu, 'yar Hausawan da suka daɗe a bakin kogin Nilu, suka ƙetare teku tare. Sun sauke farali, suka duba hanyar da suka biyo, suka ga ba ta komuwa. Mukhtaru ne ɗansu na fari, kuma sunan mahaifin Shatu aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta haɗu wa Shatu, ga ɗan fari ga sunan uba, don haka bakinta bai taɓa kama sunan ba. "Abba" take ce masa. Malam Rabe ne kaɗai yake cika baki da shi, ya tsaya a ƙofar gida ya ja shi, "Mukhtaaru!", har maƙwabta su ji.

Yaron nan tun yana ƙarami ƙafafunsa ba sa jin magana. A aike shi sayen burodi, sai ya zabura. Shatu ta yi faɗa, ta yi duka, ta yi kuka.

"Abba, so kake ka kwashe mana unguwa? Imshi, ya walad, tafiya ake yi a nan. Gudu na masu jinsiyya ne."

Jinsiyya kuwa, wato zama ɗan ƙasa, ba su da ita, ba su kuma da hanyarta.

Wani azumi Malam Rabe ya tafi da shi umara. Suka gama ɗawafi, suka shiga Safa da Marwa, suna tafe a hankali cikin jama'a. Da suka iso inda korayen fitilu suke, sai Mukhtaru ya ga abin da bai taɓa gani ba: mahaifinsa, mutumin da ko kunama ta harbe shi ba ya sauri, ya tattare harami ya kama sassarfa. Ga kuma askari a tsaye yana kallonsu. Yaron ya ja haramin mahaifinsa.

"Baba, an gan mu!"

Malam Rabe ya yi dariya yana haki. "A gan mu ɗin. Nan ne uwarmu Hajara ta yi gudu tana neman ma ɗanta ruwa. Nan an ce ka yi gudu, lada ma za a ba ka. Yalla, Mukhtaru!"

Ai kuwa ya saki ƙafa. Tun daga ranar, babu wanda ya kai shi son umara a Hindawiyya. Tsofaffi suna ta sa masa albarka, suna cewa Malam Rabe ya haifi waliyyi. Waliyyin kuwa ba abin da yake kai shi sai ɗan filin nan da ke tsakanin fitila da fitila, wuri ɗaya tak a garin haihuwarsa da zai yi gudu ba wanda ya firgita.

Malam Rabe ya rasu Mukhtaru yana tashen samartaka, ya bar shi da Shatu da ƙanensa Nasir. Ba a daɗe ba wani mai horar da 'yan tsere, Ustaz Sami, ya gan shi a tsakanin fitilun, ya bi shi har Marwa ya kama hannunsa. Ya kai shi filin ƙungiyarsu, ya jera shi da yaran da ya shekara yana horarwa. Mukhtaru, ba takalmi, ya bar su a baya kamar ba su ji busa ba. Ustaz Sami ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambayi katin shaidarsa. Mukhtaru ya sunkuyar da kai.

Mafitar da aka samo ita ce Nawaf, wani yaro ɗan unguwar Rusaifa da ke cikin ƙungiyar. Shi ma jinin Hausawa ne, sai dai kakansa ya zo tun zamanin raƙuma ya sami jinsiyya, har jikan ba ya jin Hausa sai "sannu" da "ina wuni". Nawaf yaron kirki ne, amma gudunsa ba ya kama ko akuya. Tsawonsu ɗaya, baƙinsu ɗaya, masu duba kati kuwa ba su cika wahalar da idonsu a kan fuskar baƙin mutum ba. Aka shirya, Nawaf ya ba da suna, Mukhtaru ya ba da ƙafa.

A ɗakin Ustaz Sami akwai wani tsohon hoto da ya yanko daga mujalla ya manna a bango. Wani dogon baƙin mutum ne tsaye a kan layin tsere, hannuwansa a baya, ga dakalin karɓar lamba a gefe, matakin sama ba kowa. Mukhtaru ya tambaya, Ustaz ya ba shi labari. Sunan mutumin Walta Mabri, baƙar fatar Amurka. Ya ci wani babban tsere a jiharsu a lokacin da ko famfon shan ruwa ba a haɗa baƙi da farare. Mai sanarwa ya ƙi kiran sunansa, ya kira shi da wani laƙabin raini da jaridun garin suka liƙa masa. Shi kuwa ya ce ba zai hau dakalin ba sai an kira shi da sunan da aka raɗa masa, haɗe da na ubansa. Aka ƙi. Ya tsaya nan har filin ya watse. Suka hana shi tsere, ya koma yawo gari-gari yana fafutukar 'yancin mutanensa, ya sha kulki, ya sha ɗauri.

Labarin nan ya shiga ran Mukhtaru ya zauna. Kullum ya zo horo sai ya tsaya gaban hoton. Ya ƙudurta a zuciyarsa, ranar da ya ci babban tsere, shi ma haka zai yi.

Ranar ta zo a Jidda, gasar matasan yankin gaba ɗaya. Aka harba bindiga, kuma wanda ya zo na biyu bai ga komai ba sai bayan rigar Mukhtaru. Fili ya ɗauki sowa. Lasifika ta buɗe baki ta ce, "Nawaf Abdulmannan!" Mukhtaru ya tsaya a kan layi, ya mai da hannuwansa baya kamar yadda ya gani a hoto. Ya hango Ustaz Sami yana yi masa alama da ido, fuskarsa duk roƙo. Ya hango Nawaf a cikin 'yan kallo ya rufe kai da mayafi. Lasifika ta sake kira. Tsayuwar da Walta Mabri ya yi har faɗuwar rana, ta Mukhtaru ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ya hau, ya sunkuyo, aka rataya masa.

Duk da haka yaro ne, lamba kuwa lamba ce. Mota ta sauke shi a bakin unguwa bayan la'asar, murna ta rufe masa ido, ya manta inda yake. Ya dunƙule lambar a hannu ya zabura zai nuna wa Shatu. Ka tuna, wannan ba gudun yaron da aka aika sayen burodi ba ne, gudun wanda ya ci Jidda ne. Mutanen Hindawiyya ba su taɓa ganin irinsa ba, suka ɗauka lallai yau kamen na gaske ne. Ihu ya tashi daga lungu zuwa lungu. Shatu tana zaune a saman wata matakala tana sayar da kuka da daddawa. Ta sungumi faranti ta juya, zani ya harɗe ta, ta gangaro har ƙasa.

Da ya iso ya tarar da ita kwance, kuka ta watse a jikinta, ƙugu ya karye. Tsoron tambayar takarda ya hana su zuwa asibiti, aka kira mai ɗori, ɗorin bai kama daidai ba. Tun daga ranar Shatu ba ta sake takawa ba tare da an riƙe ta ba. Ba ta zage shi ba, da ma ta zaga da ya fi masa sauƙi. Abin da ta ce kawai, tana cije leɓe, "Abba, ai na hana ka."

A gaban katifarta ya yi alkawarin ya bar gudu. Ustaz Sami ya yi sintiri har ya gaji. Lambar kuwa Mukhtaru ya kai wa mai sunan, tana nan rataye a falon Nawaf a Rusaifa, baƙi suna gani suna cewa masha Allah, shi kuma yana kawar da zance don kunya. Mutanen unguwa, da yake ba a raba su da tsiya, suka raɗa wa Mukhtaru sabon suna: Jawazat. Da farko da zafi ake faɗa, daga baya ya zama wasa, har aka haifi yaran da ba su san yana da wani suna ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ya yi dako a Mina lokacin hajji, ya yi wankin mota, ya yi gadi. Aure ya zo kusa sau ɗaya, iyayen yarinyar suka tambayi takarda, maganar ta mutu. Wata shekara aka kama Nasir a wurin aikin gini, aka sa shi a jirgi zuwa Yamai, babban birnin ƙasar ubansa da bai taɓa gani ba. Yakan kira waya da Hausarsa mai gauraye da Larabci, ya ce can kuma Balarabe suke ce masa. Gida ya rage daga Mukhtaru sai Shatu. Shi ke juya ta, shi ke kai ta bayan gida, shi ke dama mata kunu kafin ya fita.

Aikin da ya fi daɗewa a kai shi ne tura keken marasa ƙarfi a Harami, wanda ake ce wa arabiyya. Kamfanin da ke riƙe da kekunan 'yan ƙasa kaɗai yake bai wa riga. Nawaf, wanda yanzu ma'aikacin ofis ne mai tumbi da jikoki, shi ya sake ba da aron suna, ya karɓo rigar ya miƙa masa, bai nemi komai ba. Haka Mukhtaru ya koma Safa da Marwa, da sunan Nawaf ɗinke a ƙirjinsa. Kullum yana ratsa korayen fitilu, kullum yana ɗan ɗaga ƙafa iyakar abin da sunna ta nema, ba ƙari. Gemu ya yi fari, gwiwar dama ta fara ƙara. Ga motocin lantarki sun zo suna cinye aikin, ga bincike ya tsananta. Duk wanda aka samu da rigar wani, ya san jirgin da Nasir ya hau bai lalace ba.

Wani hantsi cikin watan Rajab, wata mata baƙa mai gilashi ta tsai da shi. Larabcinta irin na littafi ne, a hankali take jera shi. Ta ce sunanta Nora, daga Amurka suke, mahaifinta ya gama ɗawafi da ƙyar, ba zai iya sa'ayi da ƙafa ba. Mukhtaru ya taimaka aka zaunar da tsohon. Ƙashi ne da fata, idanu sun yi hazo, amma ƙwaurinsa dogaye ne har sai da aka gyara matakin keken.

Suna tafe Nora tana biye, sai suka shiga fitilu. Tsohon ya damƙe hannun keken, ya sunkuyo gaba, ya ɗaga ɗuwawu kaɗan kamar mai jiran wani abu. Da suka fita ya koma ya lafe. A dawowa ma haka.

"Kada ka damu," in ji Nora. "Da can ɗan tsere ne. Yanzu mantuwa ta kama shi, wani lokaci ni ma ba ya gane ni, amma in ya ga mutane suna gudu sai jikinsa ya tuna."

"Me sunan hajji?" Mukhtaru ya tambaya, don ladabi kawai.

"Walta Mabri. Da ya musulunta an so ya canja, ya ƙi. Ya ce ya sha wuya a kan sunan nan, ba zai ajiye shi a ƙofar masallaci ba."

Keken ya ɗan karkace a hannun Mukhtaru. Ya leƙo ta gefe ya dubi fuskar, ya nemi dogon mutumin nan na bangon Ustaz Sami, ya same shi can ƙarƙashin tsufa, a haɓa da goshi. Yana da maganar shekara da shekaru da yake son gaya wa mutumin nan, ga shi a hannunsa, amma ba harshe, kuma ko da akwai harshen ba lallai mai ji yana nan ba. Ya ci gaba da turawa, zagaye bayan zagaye, tsohon yana yunƙurawa yana komawa.

A zagayen ƙarshe, da koren haske ya sauka a kansu, tsohon ya daki hannun keken da tafinsa, ya yi wata 'yar ƙara. Mukhtaru bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ƙafafun ne suka tafi. Alkawarin gaban katifa, da gwiwa, da rigar aro, duk suka zube a baya. Layin kekuna ya buɗe a gabansa, iska ta cika haramin tsohon, tayoyi suna kuka a kan marmara. Alhazai suna darewa suna salati. Tsohon ya buɗe baki yana dariya, dariya sosai irin ta yaro. Fitilu suka ƙare Mukhtaru bai tsaya ba, sai da tudun Marwa ya tare shi.

Ya tsaya ya dafa gwiwa, ƙirji kamar zai tsage. Bai gama mai da numfashi ba sai ga mushrif, wato mai kula da masu turi, wani matashi sabon zuwa mai suna Rakan, ya taho fuska a ɗaure da na'urar bincike a hannu. Ya karanta ƙirjin rigar.

"Ya Nawaf, esh hada, mene ne haka? Ka haukace ne? In ka kayar da hajji fa?"

Nora ta iso tana haki, ta shiga tsakani, ta ce mahaifinta ne ya nema, a yi haƙuri. Rakan ya ɗan sassauta, amma bai tafi ba, ya tsaya nan yana juya na'urar. Sai tsohon ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun Mukhtaru. Hazon idonsa ya washe. Ya yi magana a hankali, Nora tana fassarawa.

"Ya ce kai ɗan tsere ne, ya ji a yadda ƙafarka take taɓa ƙasa. Ya ce ka gaya masa sunanka, cikakke, da na mahaifinka. Zai yi maka addu'a a nan. Ya ce shi ba ya kiran mutum da rabin suna."

Mukhtaru ya dubi tsohon. Duk duniya in akwai wanda ya kamata a gaya wa, to shi ne, in kuma akwai wurin faɗa, to nan ne. Sunan ya taso masa har bakin haƙora, Mukhtaru ɗan Rabe, ya ji shi da muryar mahaifinsa a ƙofar gida. Sai ya dubi na'urar da ke hannun Rakan. Ya tuna ya bar Shatu kwance ta ɓangaren hagu tun asuba, kuma in bai koma ba babu mai juya ta.

"Nawaf," ya ce. "Nawaf Abdulmannan."

Tsohon ya maimaita a hankali don kada ya ɓata ko harafi ɗaya. Sannan ya ɗaga hannun Mukhtaru sama, iyakar ƙarfinsa, kamar yadda ake yi wa wanda ya ci, ya fuskanci Ka'aba, ya kira sunan da muryar da ba wanda ya zaci tana nan. Ya yi addu'a doguwa da harshensu, sunan Nawaf yana fitowa a cikinta a kai a kai. Nora tana kuka. Alhazan da ke kusa suka ɗaga hannu suna amin, har Rakan. Mukhtaru ma ya ce amin.

Ya mai da keke, ya kama hanyar gida yana ɗingishi. A bakin lungu masu shayi suka ɗaga masa hannu, "Jawazat, an dawo?" Ya ce an dawo.

Ya tarar da Shatu yadda ya bar ta. Ya juya ta, ya gyara mata matashi, ya shafa mata man zafi a ƙugu. Idonta ya yi rauni yanzu, amma kunnenta ras.

"Na ji tafiyarka ta canja. Gudu ka yi?"

"A Safa da Marwa ne, Inna."

"To, can an halatta."

Ya zauna a bakin katifa, ya tuɓe rigar, ya ninke ta yadda sunan zai koma ciki. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa shi.

"Inna, ina roƙon wani abu."

"Ina jin ka."

"Ki kira sunana. Sau ɗaya kawai."

Ta juyo da fuska inda muryarsa take, kamar mai auna ko zolaya ce. Sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, tana 'yar dariyar kunya irin ta amare, ita da ba ta da sauran haƙori.

"La ilaha illallahu. Yau kuma me ya same ka? Da tsufana zan kama sunan ubana? Aib, wallahi abin kunya." Ta lalubo hannunsa ta ɗan bubbuga. "Tashi, Abba, miƙo mini ruwa."

Ya tashi ya miƙo mata.